Gadon Randagi a Kan Babur Biyar

Katako ashirin da bakwai, fegi arba'in da biyu, babur biyar, da tsohuwa ɗaya da ta rantse ba za ta zauna a cikin garin Birnin Gwari ba sai in a kan gadonta za ta riƙa kwana. Abin da aka ɗora mini ke nan a wata damina. In gadon ya tsaya a gari yadda ya tsaya a ƙauye, Hajiya Asabe ta zauna wurin ɗanta. In ya ƙi, ta koma inda ta fito ita kaɗai, ga ciwon gwiwa, ga hanya ba daɗi a shekarun. Sharaɗin ke nan, kuma ita ta gindaya shi da bakinta.

Sana'ata tsofaffin kayan ɗaki: gadaje, kabad, kujeru, akwatunan katako. In saya, in kwance, in gyara, in sayar. Wanda kuma zai tashi daga wani gida zuwa wani, ba ya son rabuwa da kayansa, sai ya kira ni in kwance masa a nan in haɗa masa a can. Samarin da ke zama a bencin ƙofar shagona suna ganin aikin ba wani abu ba ne. Wani cikinsu ya taɓa ce mini, "Baba Sani, ai ko akuya ta iya wargaza kaya. Haɗawa ce sana'a." Na ce masa gaskiya ne, amma abin da akuya ta wargaza a murhu yake ƙarewa. Saboda su nake rubuta wannan.

Kabad ɗin wani tsohon malamin makaranta shi ne aiki na farko da na ɓata. A lokacin ina koyo wurin Malam Iro kafinta, Allah ya jiƙansa. Kafintocin wancan zamanin ba su cika sa ƙusa ba. Sukan fere ƙarshen katako ya zama kamar harshe, su huda rami a jikin ɗan'uwansa, harshen ya shiga ramin, sannan su soke su duka biyun da ɗan guntun itace mai tauri. Shi ne fegi. Abin da ban sani ba a ranar shi ne fegi yana da kai yana da wutsiya. Ta inda ya shiga ta nan zai fita. Ni kuwa na ɗauki guduma na buge shi ta wajen kai, na ƙara cusa kaurinsa cikin ramin, katakon ya tsage tun daga sama har ƙasa. Malam Iro bai zage ni ba. Karɓe gudumar ya yi, ya ce mako guda ba zan taɓa komai ba, ido kawai zan sa. Ranar da mako ya cika ya miƙo mini guntun taɓarya da ya yanke ya ce, "Ga gudumarka. Ƙarfe na ƙarfe ne, itace na itace."

Har yau da irin wannan guntun taɓaryar nake aiki. Sauran kayan ba su da yawa. Akwai doguwar ƙusa da na dake bakinta don tura fegi ta wutsiya. Akwai sukundireba da filaya saboda kayan da aka yi daga baya. Akwai kananzir a 'yar kwalba: noti in ya yi tsatsa ba a yi masa ƙarfi, a ɗiga masa, a je a sha fura, a dawo. Tsohon gam kuwa tsumma da ruwan ɗumi yake so, a dafa masa a kan gaɓar kaɗai har ya saki. Madubi da gilashi su ake fara cirewa, sai ƙofofi, sai a bi kaya daga sama zuwa ƙasa. Wajen ɗauri, robar cikin taya ake yankawa, amma ba a bari ta taɓa jikin katako sai an naɗe shi da buhu. Sai alli. Kowace gaɓa in zan raba ta, in rubuta lamba ɗaya a ɓangarorin biyu, ɗaya da ɗaya, biyu da biyu. Shekara fiye da ashirin ina taƙama da allin nan.

Shekarar da na fi shan wuya ba hannuna ne ya cuce ni ba, haɗama ce. Na sami kaya da araha a wajen Kutemeshi, gadaje da kujeru, na saye har da wanda ba ni da wurin ajiyewa. Na jibge su a wani ɗakin ƙasa na kulle, ina jiran a yi girbi mutane su sami abin hannu. Da na buɗe bayan damina, kujerun suna tsaye cif kamar lafiya. Na dafa ɗaya, yatsana ya nutse. Gara ta shiga ta ƙasa ta cinye cikinsu ta bar fenti. A shekarar sai da na koma ɗaukar aikin gyaran benci da ƙyauren shago kafin na miƙe. Tun daga nan ba na ajiye katako a ƙasa, ko na wuni ɗaya ne, sai a kan bulo.

To, gadon Hajiya Asabe. Ɗanta Malam Hamisu, mai sayar da taki a kasuwa, shi ya zo shagona. Ya ce mahaifiyarsu na wani ƙauye a yankin Randagi, 'ya'yanta duk sun dawo gari, an yi juyin duniya ta biyo su ta ƙi. Da ƙyar ta yarda, amma da gadonta. Ɗakin kuwa ƙofarsa ƙarama ce, a ciki aka haɗa gadon tun aurenta. Sun kai wani kafinta ya duba, ya ce abu mai sauƙi, a sa zarto a yanke ginshiƙan, in an je gari a haɗa da ƙusa.

Na ce, "Me Hajiya ta ce?"

Ya ce, "Ba ta ce komai ba. Muciya ta ɗauka."

Ranar Litinin muka tafi da sassafe, ni da shi da 'yan acaɓa biyar, don mota ba ta shiga wurin da damina. Da na yi sallama na shiga ɗakin, sai da na tsaya. Gado ne mai rumfa, na maɗaci, ya yi ja ya yi duhu saboda tsufa, fegunan na itacen kirya. Babu ƙusa ko ɗaya. Ba zan ɓoye ba, kafin in gama gaisuwa na riga na san mutum biyu a Kaduna da za su yi rububinsa. Hajiya tana zaune a bakinsa, 'yar ƙaramar tsohuwa, idonta ya fara hazo amma kunnenta garau.

Ta ce, "Kai ne mai sayen kayan mutane in sun tsufa?"

Na ce, "Ni ne, Hajiya."

"To ni da gadon duk mun tsufa, kuma babu na sayarwa a cikinmu."

Na ce, "Ai ban taya ba, Hajiya."

Ta ce, "Numfashinka ya taya."

Na yi dariya na ajiye maganar ciniki, ban sake ɗaga ta ba. Na zagaya gadon sau uku ban taɓa shi ba. Na ɗauki hotonsa da waya ta kowane gefe. Sannan na fara daga rumfa: sanduna huɗu. Na ɗebe katakon shimfiɗa guda goma. Allon kai kashi uku ne, na ƙafa biyu. Sai dogayen gefe biyu, gajeru biyu, ginshiƙai huɗu. Kowane fegi na fere da hannu ne, ba ya shiga ramin wani, don haka na huhhuda kwali, duk wanda na fitar in soke shi a jere in rubuta lambarsa. Kowace gaɓa ta sha alli. Da na ɗaga ginshiƙin ƙarshe, na ga wani ɗan faffaɗan dutse a ƙarƙashinsa, bai fi tafin hannu ba. Na sa ƙafa na ture shi gefen bango don kada wani ya yi tuntuɓe, na ci gaba da naɗe kaya.

Kafin azahar mun ɗaure komai. Dogayen katakai a tsaye da tsawon babur aka ɗora su, ba a gicciye ba, saboda itatuwan bakin hanya. Da yake hadari na haɗuwa ta gabas, na bi kowane ɗauri na lulluɓe da leda, musamman don kada ruwa ya taɓa mini alli. Hajiya ta hau bayan ɗanta, ta ce su ne za su zo a ƙarshe. Hamisu ya ce, "Inna, gaba ya fi, kada mu sha taɓon mutane."

Ta ce, "A baya zan zauna, in ga wanda zai yar mini da kaya."

A wani rafi sai da muka sauka duka ban da Hajiya, aka tura baburan ɗaya bayan ɗaya, ni ina tafe a ruwa har gwiwa ina riƙe da allon kai a kaina kamar mai tallan tabarma. Wasu Fulani da ke shayar da shanu suka tsaya kallo. Babbansu ya ce, "Amarya ce?" Hajiya daga bayan babur ta nuno ni ta ce, "Ita ce, ka ga ango ya tsufa a hanya." Haka muka shigo gari da la'asar, ana raha, ko ƙwarzane babu a jikin katako ɗaya. Na jera su a rumfar tsakar gidan Hamisu a kan bulo, na kwance ledar don su sha iska, na tafi da kwalin fegi a jakata. Na ce gobe da hantsi aikin awa biyu ne.

Washegari na yi sallama, Hamisu ya shigar da ni. Abin da na fara ji ƙamshin sabulu ne. Katakan nan ashirin da bakwai an jingina su a bango, cikin rana, suna ɗigar ruwa suna ƙyalli. Matarsa Rakiya tana tsaye daga ƙofar kicin da soso a hannu, fuskarta cike da fara'a.

Ta ce, "Malam, ina kwana? Mun rage maka aiki. Duk farin dattin nan mun wanke shi tas, har cikin ramukan."

Na ce, "Wane farin datti?"

"Wanda yara suka yi wa zane da alli. Yau maƙwabta za su fara shigowa yi wa Inna barka da zuwa. Ai ba za a bar gadon uwar miji da ƙurar ƙauye a ce a gidana yake ba."

Me zan ce mata? Abin da ta yi shi kowace surukar kirki za ta yi. Kayan da za su shiga sabon ɗaki ana wanke su, haka aka saba. Laifin na wanda ya bar lambarsa a inda soso zai kai ne, bai kuma gaya wa matan gida ba. Na ce, "Allah ya saka da alheri," sannan na ruga na fara janye katakan daga rana, don jiƙaƙƙen maɗaci in rana ta buge shi ta gefe ɗaya lanƙwashewa yake.

Asara biyu ce a lokaci guda. Lambobi sun tafi, katako kuma ya sha ruwa ya kumbura, babu harshen da zai shiga raminsa. Hajiya tana zaune a tabarma a ƙofar ɗakin da aka ba ta, ƙunshin kayanta a gefe ko kwancewa ba ta yi ba. Ta ji komai.

Ta ce, "Yau wace rana?"

Hamisu ya ce, "Talata, Inna."

"In Juma'a ta wuce ina kwana a tabarma, Asabar ku nemo mini babur."

A nan ne sabon hannu zai ɗauko wuƙa ya fere harshen katako don ya shiga. Hamisu da kansa ya ce in rage kaɗan mana. Na ce a'a. In ka fere shi yana kumbure, yau zai shiga daidai, rani na zuwa ya bushe ya yi sako-sako, gado ya riƙa kuka duk juyin da aka yi. Abin da aka fere kuma ba ya dawowa. Muka kwashe su zuwa zaure inda iska ke ratsawa, na jera su a kan sanduna ba ɗaya a kan ɗaya ba. Kwana uku ina zuwa safe da yamma ina juya su. Shagona a rufe. Rakiya kuwa, da ta gane abin da ya faru, kullum sai ta aiko mini da kwanon abinci wanda mutum uku ba za su cinye ba. Ban taɓa cin ɗanwake irin na kwanakin nan ba.

Ranar Juma'a da safe katako ya koma yadda yake. Na shigar da su ɗakin, na buɗe hotunan waya. Hoto ya nuna mini gado kyakkyawa, amma ginshiƙai huɗu a hoto duk ɗaya suke. Na gwada wannan da wancan, ya shiga rabi ya tsaya. Na juya, ya shiga amma ramin fegi bai haɗu ba. Ba a tilasta wa tsohon katako, in ka matsa sau biyu na uku tsagewa zai yi. Har hantsi ya ɗaga ban tsayar da kusurwa ɗaya ba, gumi ya jiƙa mini riga.

Sai Hajiya ta ce, "Kai mai taɓarya, miƙo mini wannan."

Na kwantar mata da ginshiƙin a cinya. Ba ta dube shi ba, shafa shi ta yi daga sama zuwa ƙasa. Ta tsaya a wani ɗan zurfi da ni ban ma lura da shi ba.

"Wannan na wajen kai ne, hannun dama. Nan marigayi Malam, mai gidana, yake rataye carbinsa, igiyar ce ta ci wurin. Kawo wani."

Na kawo. Ta ce, "Ga ƙunar fitila. Wajen kai, jikin bango." Na uku ta daɗe tana shafawa can ƙasa, sai ta fara dariya har tana tari. Ta ce a kira mata Hamisu. Ya shigo da hularsa da furfurar gemunsa, ya durƙusa.

Ta ce, "Sa hannunka nan. Ka san mene ne?"

Ya ce, "Kamar ɓera ya ci."

"Ɓeran ne durƙushe a gabana. Da kana fitar da haƙori babu abin da ka bari. Wannan na wajen ƙafa ne, ta bakin ƙofa."

Rakiya daga waje ta ƙyalƙyale, ta toshe baki da mayafi ta gudu kicin. Hamisu ya ce, "Inna, a gaban baƙo?" Ta ce, "Wanda ya kwana uku yana cin ɗanwaken gidanka ba baƙo ba ne."

Dogayen gefen ma ba su ba ta wuya ba. Wanda ya yi sumul shi ne na gaba, zaman shekaru ne ya goge shi. Mai kaushi na jikin bango. Na ɗauki na gaban na nufi ginshiƙin carbi, harshe ya shige raminsa da bugu biyu na taɓarya, da irin ƙarar nan mai daɗi da duk kafinta ya sani. Kafin in tura shi ne idona ya faɗa kan wani abu. A jikin harshen, inda ba a gani in an haɗa, akwai 'yan tsaga biyu na bakin wuƙa. Na leƙa ramin, tsaga biyu. Na duba wata gaɓar, uku da uku. Ashe wanda ya yi gadon ya sa lambarsa tun farko, a inda ruwa da soso ba za su iya da ita ba. Dauɗar shekaru ce ta rufe ta ranar da na kwance, wankin Rakiya ne ya fito da ita.

Na ɓoye abin da na gani. Da na faɗa, da na gama aikin ni kaɗai cikin awa ɗaya, Hajiya ta koma 'yar kallo. Sai na ci gaba da miƙa mata katako ɗaya bayan ɗaya, tana faɗin wurinsa da labarinsa, ni kuma ina leƙa tsagar a ɓoye. Ko sau ɗaya ba su saɓa ba, ita da kafintan da ya rasu tun ban san hannuna ba. Katakon shimfiɗa goma ba su da tsaga, a nan ita kaɗai ce malama. Ta ware uku da suka ɗan lotsa ta gefe guda ta ce, "Waɗannan tsakiya, lotsawar ta bango. Malam ya fi ni nauyi." Da aka kira sallah muka tafi masallaci, muka dawo na bi fegi ɗaya bayan ɗaya yadda na jera su a kwali, daga kai zuwa ƙafa. Arba'in da biyu, kowanne ya koma gidansa.

Na ɗora rumfa, aka sa katifa. Na dafa gadon don in ji ƙarfinsa, sai ya yi rawa. Na sake dafawa, ya sake karkatawa wajen ƙafa. Na bi gaɓoɓin duka, babu mai motsi. Na sa igiya na auna, ginshiƙi ɗaya ya fi sauran gajarta da kamar kaurin yatsa biyu. Na ce a raina na rikita wani abu, kuma la'asar ta kusa. Hamisu ya dube ni, na dube shi.

Hajiya ta jawo ƙunshin kayan nan da ta ƙi kwancewa tun Litinin. Ta warware shi a hankali, ta lalubo wani abu a cikin tsumma, ta miƙo mini. Ɗan faffaɗan dutsen nan ne.

Ta ce, "Shekarar da aka haifi ƙanwar Hamisu, gara ta taɓa ƙafar. Malam ya yanke wurin ya sa wannan. Ina kallonka ka ture shi da ƙafa kamar ba da shi aka yi zaman ba."

Na durƙusa na sa shi. Gado ya tsaya kamar an dasa. Ta miƙe da sandarta, ta zauna a bakinsa daidai inda ya yi sumul, ta ɗan jijjiga jikinta ta saurara. Shiru. Sai ta ce, "Rakiya, zo ki jera mini kayan nan. Kuma gobe a gaya wa maƙwabtan su shigo."

Ga lissafin aikin. Na ce awa biyu, ya ci mini kwana huɗu shago a rufe, kuma ban karɓi ƙarin ko kwabo a kan abin da muka shirya da Hamisu ba, don kuskuren nawa ne. Gadon da na yi sha'awa ban same shi ba, ba kuma zan samu ba. Allin da na yi taƙama da shi shekara ashirin na bar wa yaran makaranta, yanzu da bakin wuƙa nake sa lamba a cikin gaɓa, kuma kafin in bar kaya a kowane gida sai na yi magana da matan gidan. Wannan ɓangaren asara ke nan, in asara ce. A ɗaya ɓangaren, Hajiya Asabe tana nan a gari har yau. Duk tsohuwar da ta shiga gaishe ta sai an nuna mata haƙoran Hamisu, a kuma faɗa mata sunan mai taɓarya. Kafin rani ya fita na kwance gadaje goma sha ɗaya daga ƙauyukan Randagi da Kusasu, babu wanda na je nema.

Abu ɗaya ne na gyara a ƙidayar da na fara da ita. Gadon nan katako ashirin da bakwai ne, fegi arba'in da biyu, da dutse ɗaya. Ni na kawo sittin da tara, mai gado ta kawo cikon na saba'in.